Kujerar da Inna Ta Bar wa Makau

Innata Dije ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, amma ta taɓa mallakar kujera a cikinsa har wata goma sha ɗaya. Ni ce Naja'atu, autarta, ina koyarwa a wata firamare a Gummi. Mutane sun ce ina da baki, kuma ban musa ba. Yau dai bakin zai yi amfani, don na gaji da jin labarin kujerar nan daga waɗanda ba su san kansa ba balle gindinsa, kowa yana ƙara masa gishirin da ya ga dama.

A wata ruga kusa da Zugu aka haifi Inna. Tun tana 'yar mitsitsiya take ɗaukar ƙwaryar nono a ka zuwa kasuwa, har yau kuwa idan tana tafiya wuyanta a miƙe yake kamar ƙwaryar na nan. Gajeruwa ce, mai saurin ƙafa, magana kuma sai ka roƙa. Idan ta ce "to", an rufe zance ke nan, ko da kai kana ganin yanzu aka fara. Ta auri Baffanmu Saminu, mai noman gero da dawa da 'yan shanunsa daidai rufin asiri. Mu uku ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa: Makau, sai Faruku, sai ni.

Makau ne ɗan fari. An haife shi ana maka ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ya sa kakarmu ta laƙaba masa wannan suna, ya kuma bi shi har ya danne na yanka. Sunansa na yanka Abdussamad, sunan mahaifin Baffa. Kun ga kunya biyu ke nan ta haɗu wa Inna a kan mutum ɗaya: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Ban taɓa jin ta ce Abdussamad ba, ko Makau ɗin ma ba ta faɗa. Sai dai "yayanku", ko "wancan". Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa, idan ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Muna yara ni da Faruku mun sha ɗana mata tarko. Mu ce, Inna, wa ya kawo icen nan? Ta ce wanda ya kawo. Mu ce, wa za a kai wa furar nan? Ta ce mai ita ya san kansa. Amma a ƙasan wannan furar za ka tarar da curin man shanu da ba a sa wa kowa irinsa ba, kuma ni da nake kai masa na sha lasa a hanya, Allah ya yafe mini.

Yana ɗan shekara goma sha shida ya bi samari zuwa Yargalma aikin niƙan dutsen zinari. Ya dawo da sabuwar rediyo da ciwon ciki. Lokacin da aka gane gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan nan, shi ma an kai shi Anka an ba shi magani. Inna ta je, amma ba ta shiga ɗakin da yake kwance ba. Kwana tara tana zaune a gindin wata bishiya bayan shinge, tana aika abinci da hannun mutane, tana tambayar masu fitowa ko "yaran ciki" sun samu sauƙi. Ya warke ya dawo gida, muka ɗauka an rabu ke nan.

Sai 'yan bindiga suka shigo rayuwarmu. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda ke yankin nan yana da irin nasa labarin. Sun kore shanun Baffa da rana tsaka, muka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka muka dawo Gummi. Baffa bai cika shekara a gidan haya ba ya rasu. Inna ta koma dama fura a zaure, tana sayen nono a hannun wasu, ita da ta tashi tana tatsa da hannunta. Ban taɓa jin ta koka ba, ni ce mai kokawa a madadin kowa. Makau ya kama aikin gini, Faruku kuwa ya gangara Legas yana harkar raguna.

Daga Farukun kujerar ta fito. Matarsa ta haihu, ya rantse sai Inna ta zo suna, kuma ba zai yarda ta kwana biyu a mota kan wannan hanya ba. Ya saya mata tikitin jirgi daga Sakkwato. Ni na raka ta. Ta ɗaure daddawa da man shanu da kuka a buhu, muka wuni a filin jirgi tana ta jan carbi, jirgi bai zo ba. Washegari ma haka. A rana ta uku suka ce an soke tashin, kuma ba za su mayar da kuɗi ba, sai dai su ba da bauca, wato takardar shaidar cewa tana da kujera a wurinsu, duk ranar da ta so cikin shekara guda ta zo ta hau. Na yi masifa har muryata ta dushe. Inna kuwa ko a jikinta, ina ganin ma daɗi ta ji, don tun a mota take tambayata ko abin yana da inda ake riƙewa. Ta ninke takardar ta sa a ƙasan kwallarta, ta ce Allah bai nufa ba. Suna ya wuce, muka manta.

Bayan 'yan watanni ƙafafun Makau suka fara kumbura. Ya ce tsayuwar aiki ce. Fuska ta bi, sai amai, sai ya kasa ɗaga bulo ɗaya. A Sakkwato likita ya ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza, ya tambaya ko ya taɓa aikin ma'adinai, da muka ce e, sai ya gyaɗa kai kawai. Aka fara wankin ƙoda sau biyu a mako. Ni na ɗauki hutu na tare a asibiti wajen jinya, don matarsa na da tsohon ciki, Inna kuma kun san ba za ta zauna kusa da gadonsa ba. Abin da muke da shi duk ya tafi a wankin nan, har babur ɗin Faruku da 'yan kunnena. Inna ta sayar da tukunyar ƙarfenta ta aiko, ta ce a ƙara a sayi abin da "mai jikin" ke so.

Rannan Faruku ya bugo waya yana haki. Wasu likitoci sun zo wani asibiti a Legas daga waje, za su yi mako guda suna dashen ƙoda kyauta ga mutane ƙalilan, kuma an sa sunan Makau. An gwada jinin Faruku ya dace, shi zai ba da tasa. Sharaɗi ɗaya ne: Makau ya kasance a gabansu ranar Laraba, in ba haka ba a ba wani gurbin. Likitanmu ya ce kada mu kuskura mu sa shi a mota, ba zai kai ba. Jirgi ko babu. Muna ta jujjuya hannu babu komai a ciki, sai Faruku ya tuna da baucar Inna, saura wata guda ta mutu.

Ya bincika, kamfanin ya ce ana iya mayar da ita ga wani, amma sau ɗaya tak, kuma sai mai ita ta yi magana da su da bakinta a waya, ta faɗi lambar da ke jiki, ta faɗi sunan wanda ta bar wa. Na kira Inna ta wayar maƙwabciya na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ta ɗauki takardar ta je shagon Goodluck. Goodluck mutumin kudu ne, ya fi shekara ashirin a Gummi, yana buga takardu yana tura kuɗi, Hausa kuwa ta zauna a bakinsa fiye da ta wasu 'yan gari. Na ce mata, Inna, sunan yanka za ki faɗa, wanda ke kan katinsa na ɗan ƙasa.

Ta ce, "Awo, na jiya."

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ni da na tashi a ɗakin matar nan, na san abin da bakinta ke iya faɗa da wanda ba ya iyawa. Minti ɗaya ya ishe ni in rubuta wa Goodluck sunan in tura masa. Ban yi ba. Ana kirana in je in karɓo jini, na kashe waya na ruga.

Abin da ya faru a shagon, Goodluck ne ya ba ni labari daga baya, yana yi yana share ido. Ya buga wa kamfanin, wata mace ta ɗauka, shi yana fassara. Inna ta faɗi sunanta, ya karanta lamba, komai lafiya. Da aka zo kan wanda za a bar wa kujerar, sai ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi. Shagon cike da mutane, masu cajin waya da masu jiran kuɗi. Ya sake tambaya, ta ce yayan su Naja ne. To, Goodluck ya san yayan su Naja sarai, Makau ɗin ne ma ya yi masa daɓen shagon. Ya faɗa wa matar kamfanin cewa sunan Makau Saminu ne, ya juyo ya tambayi Inna ko haka ne.

Ta ce, "Shi na."

Kuma ba ƙarya ta yi ba, shi ɗin ne. A tunaninta jirgi kamar motar tasha ne: ka kama wa mutum wuri, ka ce na wane ne, in ya zo ya zauna. Wa zai ga mutum da kumburarrun ƙafafu ya ce ba shi ba ne? Goodluck ya turo mini hoton tikitin da yamma. Na buɗe, na duba rana, Talata. Na duba lokaci. Na ga Makau Saminu rubuce da manyan baƙaƙe, na ce alhamdu lillahi na rufe. Idona bai ga komai ba, don ni ma tun da na buɗe baki sunan da nake kiransa ke nan. Malamar makaranta guda, mai gyara wa yara rubutu da jan biro.

Ranar Talata da hantsi na tura Makau a keken marasa lafiya har gaban kantar kamfanin. Ya sa farar shaddarsa ta sallah, wadda ta yi masa yawa a kafaɗa ta matse shi a ciki. Yana ta zolayata wai idan ya dawo da ƙodar Faruku zai fara cin abinci irin na Faruku, in shirya. Yarinyar da ke kantar ta karɓi katinsa, ta dubi na'ura, ta dubi katin, ta sake duban na'ura. Ta ce wannan tikitin ba nasa ba ne. Katin ya ce Abdussamad, tikitin ya ce Makau.

Na fara da lallami. Na ce mutum ɗaya ne, kowa a Gummi ya sani, ga sunan uba nan iri ɗaya. Ta ce ta yarda da ni, amma na'urar ba za ta buɗe ba, kuma an riga an yi sauyin da aka yarda a yi sau ɗaya. Daga nan ban san abin da na faɗa ba. An ce na buga kantar da tafin hannu, na ce kwana uku suka shanya tsohuwa a wurin nan ba wanda ya tambayi katinta, yau da rai ke hannunsu ne suka san doka. Mutanen layi suka yi ca, wasu na ba ni haƙuri, wasu na cewa in matsa su wuce. Makau yana jan gefen hijabina yana cewa in bari.

Hayaniyar ce ta fito da shugabansu, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya tambaya a hankali ko ɗan fari ne. Na ce e. Ya ce shi ma har mahaifiyarsa ta koma ga Allah bai ji sunansa a bakinta ba. Ya shiga ofis ya yi waya da manyansu, ya fito ya ce sun yarda a gyara, ba a matsayin sabon sauyi ba, a matsayin kuskure, amma sai mai baucar ta faɗi sunan da bakinta suna ji suna naɗa. Ya dubi agogo ya ce saura minti ashirin a rufe karɓar fasinja, kuma idan an rufe daga babban ofishinsu ake rufewa, ba shi da iko a kai.

Na kira Goodluck. Bawan Allah ko shagon bai kulle ba ya haye babur. Sabis ya yanke sau biyu, ina tsaye ina zagin waya kamar mahaukaciya. A karo na uku ya ɗauka yana cikin zaurenmu, ina jin muryoyin mata masu sayen fura. Dattijon ya haɗa wayata da tasa, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, wata mata daga can babban ofishinsu ta ce tana saurare. Na ce, Inna, sunan da ke tikitin ba daidai ba ne, sun hana shi shiga, ki faɗi sunansa na yanka yanzu yanzu.

Shiru. Ina jin numfashinta, ina jin wata akuya na kuka a bayan gida.

Na ce, "Inna, don girman Allah. Mutuwa zai yi."

Ban taɓa yi wa mahaifiyata tsawa ba sai ranar, kuma a gaban shi wanda nake cewa zai mutu. Goodluck ya ce mini daga baya bakinta na motsi amma ba abin da ke fita, ga mata sun zagaye ta sun zuba mata ido. Sai ta fizge wayar daga hannunsa, ta shige ɗaki ta turo ƙyaure. Muka ji ƙarar ƙyauren har nan filin jirgi. Sannan muryarta ta fito, siririya, tana rawa, kamar ba tata ba.

"Abdussamad. Abdussamad Saminu. Ɗana na, na hwari."

Matar ta can ta yi ta danne-danne, muna jin ƙarar maɓallan. Ta ce wani abu da Turanci, dattijon ya rufe ido. An rufe karɓar fasinja. Ya roƙe ta, ya ambaci mara lafiya, ya nemi a haɗa shi da wani na sama da ita, aka ce gyaran zai bi layi, sai nan da mako biyu. Na tambaye shi ko shirun da Inna ta yi ne ya cinye lokacin. Ya ce a'a, tun kafin Goodluck ya isa gidan aka rufe. Har yau ban sani ba ko gaskiya ya gaya mini ko tausayi ne, kuma ban koma na tambaya ba don ina tsoron amsar.

Ni na zube a ƙasa ina kuka. Makau kuwa ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ashe Inna ba ta kashe ba. Ya kara a kunne, na ga yana murmushi, abin da ya ƙara ƙona mini rai a lokacin.

Ya ce, "Inna, ban ji da kyau ba. Sake hwaɗi."

Ta sake. Ya ce na'am. Muna nan zaune jirgin ya tashi, ƙararsa ta cika wurin, shi ko ɗaga kai bai yi ba.

Mun yi ta buga waya ranar da washegari. Kafin dangi da abokan aikina su haɗa abin wani tikitin a wani kamfani, Alhamis ta yi, an ba wani gurbin, ranar Asabar likitocin suka koma ƙasarsu. Faruku ya kira ni yana kuka yana cewa ga ƙodar nan a jikinsa ba ta da amfani. Gyaran sunan kuwa bai fito ba sai bayan baucar ta mutu da kwana huɗu, suka turo saƙo mai ladabi suna ba da haƙuri.

Na yi fushi da Inna, ba zan yi ƙarya ba. Na yi fushi da kamfanin, da Goodluck da ba shi da laifin komai, da wanda ya fara ƙirƙiro wannan kunya tun kaka da kakanni. Idan na gama zagayen sai in dawo kan hoton tikitin nan da na buɗe na rufe, in rasa inda zan sa kaina. Da na ji mata a gari suna cewa wai tsohuwa ta zaɓi al'ada a kan ɗanta, sai in ji kamar in shaƙe mutum. Ba su ga abin da na gani ba.

Kwana biyu da tashin jirgin, ina wanke kwanuka a bakin famfon asibiti, sai ga Inna da ƙullin kayanta a ka. Ita kaɗai ta hau mota daga Gummi, ba ta gaya wa kowa ba. Na nuna mata inuwar da masu jinya ke zama a waje. Ba ta ko kalli wurin ba, ta wuce ni ta shiga ɗakin, ta ja kujera ta zauna a gefen gadonsa, ta dube shi a fuska. Ta ce in koma wurin ɗalibaina, ita za ta karɓi jinyar. Ban koma ba, amma daga ranar ita ke ba shi ruwa a cokali, ita ke goge masa baki, ita ke juya shi idan bayansa ya gaji. Kuma duk abin da za ta yi masa sai ta kira sunan tukuna, a gaban likita, a gaban masu shara, a gaban kowa. Abdussamad, ga ruwa. Abdussamad, ɗaga hannu. Shi kuma ya amsa kowanne, ko da idonsa a rufe yake. Wani lokaci ina ganin da gangan yake jinkirta amsawa don ta sake.

Mako bakwai suka yi a haka. Matarsa ta haifi mace a Gummi, aka kawo masa hoto a waya ya gani. Wankin ya daina karɓarsa, jikin ya yi ta ja baya. Wata Litinin da hantsi na fita sayo koko, na dawo na tarar da Inna tsaye a kansa da cokalin ruwa a hannu. Ta kira shi sau uku, bai amsa ba.